Faifan da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kowa ya faɗi haka ranar da Kawu ya rasu, amma ba kowa ne ya tsaya a nan ba. Ni ina cikin gida wajen mata, kunnena yana zaure, don katangar gidan Kawu a Ƙanƙara ba ta riƙe magana.

Tsofaffin direbobin tasha sun ce tun da suke da shi bai taɓa wuce mota a lalace a hanyar Sheme ba tare da ya tsaya ba. Liman ya ce sahun farko ya yi rashi. Wata maƙwabciya ta share hawaye ta ce, "Allah Ya jiƙan Alhaji, mutumin kirki," sannan ta sassauta murya ta ƙara da, "sai dai akwatin nan nasa fa." Ta kusa da ita ta ce, "Uhm." Na san uhm ɗin, na kuma ji haushinsa har cikin raina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ana cikin haka Iya Babba ta iso. Ita ce yayar Kawu da mahaifiyata, kuma ita kaɗai ta rage a gidan kakanninmu da ke bayan Ƙetare, tana kan addinin da ta taras. An ɗauko ta a mashin, ƙafafunta duk taɓo. Ba ta gaida kowa ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tsakar gida ta dubi ƙofar ɗakin Kawu ta ce, "Faifan da ke bisa akwatin, an ƙarasa shi?"

Wanda ya je ɗauko ta rasuwa kawai ya faɗa mata, shi kansa bai san da maganar faifai ba.

Akwatin da ake magana garmaho ne, irin na dā wanda ake murɗawa da hannu. Kawu ya same shi daga wani Ba'amurke mai haƙar rijiyoyi da ya yi wa direba tun yana saurayi. Da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa shi da tarin baƙaƙen faya-fayai masu nauyi, duk na kiɗan da mu muke kira kiɗan kaboyi. Turanci dai Kawu bai iya ba, ban da na tasha: birki, kuloci, sitiyari. Abin da mawaƙan ke faɗa bai dame shi ba. In mai waƙar ya fara sai ya ce, "Wannan da mura aka haife shi." Can sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Yawwa, ga shi nan."

Wanda yake jira shi ne mai jitar ƙarfe. Jita ce da ake kwantarwa bisa cinya, ba a danne tsirkiyarta da yatsa, guntun ƙarfe ake zamarwa a kanta. Kawu bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Ba'amurken ne ya kwatanta masa da wayar ƙarfe da kwalbar lemo, kwatancen nan kuma ya ishe shi har ƙarshen rayuwa.

Ni ban fara zama wurinsa ba sai da na girma, bayan an mayar da ni koyarwa Faskari. Duk ranar da na shigo kasuwa nakan biya in gaishe shi, shi kuwa ya samu wadda ba ta gudu.

"Saurara, ɗiyata," yakan ce. "Sauran kayan kiɗan Turawa tsalle suke, daga wannan murya su dire a waccan. Wannan ba ya tsalle. Zamewa yake, duk abin da ke tsakanin murya biyu sai ya bi ta kansa. To, a tsakanin nan kuka yake zaune."

Ya san makaɗan da hannunsu, ya kuma raɗa musu suna. Akwai Ɗan Gaggawa, na faya-fayan rawa masu ganga da gogen Turawa biyu, wanda yake gudu bisa tsirkiya har ƙafar Kawu ta fara motsi ba da saninsa ba. "Wannan da direba ne da ban shiga motarsa ba," in ji shi. Akwai Mai Kunya, wanda ba ka jin sa sai mawaƙi ya tsaya shan numfashi, ya sa baki kaɗan ya koma baya. Sai Gwauro, wanda Kawu ya fi so. Shi in ya ja murya yakan riƙe ta ya girgiza ta a ƙarshe kafin ya saki. Kawu ya rantse matar mutumin rasuwa ta yi.

Na ce, "Kai Kawu, a ina ka ji?"

Ya ce, "Ke dai ba ki da kunne. Wanda aka yi wa yaji ba haka yake kaɗawa ba."

Allurar garmahon ta ƙare a kasuwa tun ban yi wayo ba. Sai ya koma ga ƙayar aduwa. Yakan zaɓo masu ƙwari ya shanya, ya fiƙe da reza, kowane faifai da sabuwar ƙayarsa. Ya ce allurar ƙarfe ihu take sa Gwauro, ƙaya kuwa tana barin sa ya yi magana.

Doka ɗaya yake da ita, ita ce ba a katse faifai. In ya ɗora ƙaya, ko gobara ake sai ya kai ƙarshe. Yana lura da inuwar katanga don kada kiran salla ya same shi a tsakiya, kuma kafin ya ɗora sai ya murɗa hannun har ya cije, don kada ƙarfin akwatin ya ƙare a hanya. In an tambaye shi dalili sai ya ce ladabi ne, mutum na magana ba a katse shi.

Amma mu 'yan gida mun san inda dokar ta samo asali. Kakanmu makaɗin goge ne, shi ke kiɗa wa 'yan bori a yankinmu. Kawu ya tashi da goge a hannu, aka ce ma ya fi uban zaƙin hannu. Da ya shiga harkar mota ya musulunta, ya ajiye gogen a ɗakin uban, bai sake taɓa tsirkiya ba har ya koma ga Allah. A gidan makaɗan bori kuwa abu na farko da ake koya wa yaro shi ne, abin da ka kira da tsirkiya da tsirkiya ake sallamarsa. Ba a barin sa a tsaye.

Sau ɗaya na taɓa yi masa maganar. Na ce, "Kawu, anya ba goge kake ji a cikin jitar nan ba?"

Ya daɗe yana fiƙe ƙaya. Sannan ya ce, "Na bar abin da aka ce in bari. Kunne dai ba a ce in yanke ba."

A kan dokar nan suka ɓata da babban ɗansa, taubashina, wanda nake kira Ustazu tun ranar da ya fara ɗage wando. Yana dawowa daga makaranta ya taras Gwauro na kuka, ga ladan ya fara gyaran murya, sai ya sa hannu ya ɗage ƙayar. Kawu ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci, ya dawo ya mayar da faifan tun daga farko. Abin da Hajiya, matar Kawu, ta faɗa mani shi ne, tsakanin tafiyarsa da dawowarsa awakin gidan duk sun bar harawa sun jeru suna kallon ƙofar ɗakin. Kawu ya yi damina guda ba ya amsa wa ɗan nan komai sai sallama. Wannan kam ya yi tsauri, na kuma faɗa masa a gabansa. Kawu ba waliyyi ba ne, yana da riƙo.

Yana kuma da abin da ban gani wurin kowa ba. Akwai maƙwabcinsa, magidanci, da mutanen daji suka ɗauke a gona ta wajen Sabuwa. Allah Ya dawo da shi da ransa, amma bakinsa bai dawo ba. Ba ya magana, ba ya kuka, sai zama. An yi rubutu, an yi tofi. Wata rana aka gan shi jingine da bangon ɗakin Kawu ta waje. Kawu bai fita ya ce masa sannu ba, bai tambaye shi abin da aka yi masa ba. Taga kawai ya buɗe. Kullum bayan azahar sai ya ɗora Gwauro, mutumin na jingine a waje. Ina nan ranar da abin ya fashe. Gwauro ya ja muryar nan ya girgiza ta, sai muka ji wani irin gunji daga bayan bango. Na zabura zan fita, Kawu ya riƙe mayafina ya ce, "Bar shi, suna magana." Washegari mutumin ya tambayi matarsa ko an yi wa gero noma na biyu.

Hajiya ita ba ta taɓa son akwatin ba. Tun tana amarya take ce masa kukan kurege, tana cewa a gidan mutane karatu ake ji, a nata gidan Bature mai mura. Kawu yakan ce, "Hajiya, ke ce babbar mai saurarona, ba ki taɓa fashi ba." Ta ce, "Ina zan je? Katanga ɗaya ce."

Ita ce kuma ta fara sanin ya rasu. Bayan azahar ne, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, Gwauro na tashi daga ɗaki. Sai ta ji muryar ta fara nauyi, tana yin ƙasa, tana yin ƙasa, har ta zama gurnani ta mutu. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin haka ba. Ta ce ba ta ma yi gudu ba, ajiye tiren ta yi a hankali. Ta same shi zaune a kujerarsa, kansa a ƙirji. Ashe ƙarfinsa bai kai ya cika murɗin ba. Ƙayar tana tsaye a tsakiyar faifai.

Wannan shi ne faifan da Iya Babba ta zo tana tambaya. Ustazu ya fito ya ce mata, cikin ladabi dai, gidan makoki ba a kiɗa, kuma mahaifinsa ya mutu Musulmi, ba zai bari a ce an raka shi da abin bori ba. Ya sa kwaɗo a ɗakin ya jefa makulli aljihu.

Iya Babba ta ce, "Ni ban ce ka yi biki ba, ɗan nan. An kira, ba a sallama ba. Ba ni tahiya sai an ƙarasa." Ta shimfiɗa tabarma a gindin ƙofar ta zauna.

Ni a lokacin ina tsakiya. Na san mamaci ba ya dawowa, na san hisabinsa na wurin Ubangijinsa. Amma na san Kawu, kuma barin faifan nan a tsaye ya tsaya mani a wuya.

Washegari bayan azahar, gida cike da mata, sai hira ta mutu da kanta. Kaji suka daina tono. Daga nan na ji shi. Siriri ne, can ƙasa-ƙasa, murya ɗaya da aka ja aka riƙe ba a saki ba. Ba ta fito daga ɗakin sosai ba, ba ta kuma fito daga waje ba. Wata tsohuwa ta fara jan Ayatul Kursiyyu. Bai daɗe ba ya ɗauke, kaji suka ci gaba da tononsu.

Ustazu ya ce iska ce ke kaɗa wayar lantarki. Na ce, "Wayar da ɓarayi suka kwashe bara?" Ya ce to kwanon rufi ne. Kashegari ma aka ji, da wanda ya biyo. Masu zaman makoki suka riƙa sallama da wuri, kowa na da uzuri kafin azahar. Maganar da Ustazu ke gudu ita ce ta cika unguwa, har a bakin rijiya ana cewa Alhaji ya bar abubuwansa a gida. Iya Babba kuwa ruwa kawai take sha, tana ramewa a kan idonmu. Hajiya na cikin ɗakinta tana takaba, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Bayan addu'ar bakwai na fito na taras Ustazu tsugune yana alwalar la'asar. Yana wanke hannu yana wani ɗan gunguni ta hanci. Na tsaya na saurara. Kiɗan Gwauro ne tiryan-tiryan, har da girgizar. Ya kai daidai wani wuri ya tsaya, ya koma farko, ya sake zuwa wurin ya tsaya.

Na ce, "A'a, Ustazu, sabuwar ƙira'a ce? A wane masallaci ake koyar da ita?"

Ya ce, "Wace?"

Na maimaita masa. Wallahi sai da butar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce tun ranar jana'iza abin ke kansa, har a cikin salla, kuma kullum a wuri ɗaya yake yankewa. Bai san yana fitowa fili ba. Ya share fuska ya ce, "Ni ban yarda da abin da Iya ke faɗa ba."

Na ce, "Ba wanda ya ce ka yarda. Ubanka ya fara abu bai gama ba, kai ne babba."

Ya miƙo mani makullin bai dube ni ba.

Washegari da hantsi muka buɗe, ni da shi da Iya Babba. Ɗakin na warin man gyaran mota da turaren Kawu. Faifan na nan, ƙayar na nan inda ta tsaya. Amma hannun murɗawa babu. Ramin da ake zura shi a gefen akwatin wayam.

Na juya kan Ustazu na wanke shi tas. Na ce in ba zai bari ba ya ce ba zai bari ba, wasan yara na mene ne? Ya rantse da Allah bai taɓa ba, ya ce ranar da ya kulle ɗakin ko kallon akwatin bai yi ba. Iya Babba ta dafa bango ta miƙe, ta nufi ɗakin Hajiya, muka bi ta.

Hajiya na zaune bisa darduma da carbi. Iya Babba ta zauna gabanta ta ce, "Matarmu, kawo."

Hajiya ta ce, "Mi zan kawo, Yaya?"

"Kawo dai."

Hajiya ta laluba ƙarƙashin dardumar ta jawo hannun murɗawar. Ta ce tun kafin ta kira mutane ranar nan ta zare shi, ita ma ba ta san dalili ba a lokacin.

Ustazu ya ce, "Haba Hajiya! Ke da kika fi kowa ƙin abin nan?"

Ta ce, "Na ƙi shi mana. Amma in yana tashi na san Alhaji na ɗaki. Ku tsoro kuke ji in azahar ta yi, ni kuwa ita nake jira. In kun ƙarasa shi, mi zan ji?"

Ni kam hawaye suka sha kaina. Iya Babba ta kama hannunta ta ce, "Ba ƙanena ne kike ji ba. Shi ya tahi inda zai tahi. Abin da ya bari a tsaye ne, kuma ya gaji da tsayuwa. Ki sallame shi tun yana roƙo."

Hajiya ta ce in dai za a yi, to ita za ta murɗa, kuma sai bayan azahar.

Haka aka yi. Mu huɗu a ɗakin, ƙofa a buɗe, rana tsaka. Ta zura hannun ta murɗa har ya cije, ashe duk shekarun nan ta san yadda ake yi. Faifan ya motsa. Muryar ta taso daga gurnanin da ta mutu a kai, ta yi sama a hankali har ta koma daidai, Gwauro ya girgiza ta ya saki. Mai mura ya yi ɗan baitinsa, gogen Turawa suka amsa, jitar ta sake zamewa sau ɗaya ta sauka. Abin da ya rage ɗin bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Ƙayar ta shiga fili tana shuu, shuu.

Sai aka yi atishawa.

Ustazu ya ce, "Yarhamukallah," kafin ya yi tunani. Sannan ya dube ni, na dubi Hajiya, Hajiya ta dubi Iya Babba. Babu wanda ya yi a cikinmu. Ban san mene ne ba, ba kuma zan ce na sani ba. Iya Babba dai ta naɗe tabarmarta ta ce a zubo mata tuwo, a kuma nemo mai mashin.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa riƙonsa, Ya saka masa da tagar da ya buɗe wa maƙwabci. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, masu uhm ma na yafe musu in sun ce amin.

Ban koma Faskari a ranar ba. Kashegari bayan azahar na ga Hajiya ta fito da tiren shinkafa ta zauna a inda ta saba, jikin bangon ɗakin. Ba ta tsince ko ƙwaya ba. Kaji na ta tono, wani yana sara itace a maƙwabta, inuwa ta ci rabin tsakar gida. Ta zauna har ladan ya kira la'asar. Na zo zan karɓi tiren, sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, yi mani gaisuwa. Yau mijina ya rasu."